Gayyar da Sallau Bai Kira Ba

A Tungar Maje, gidan da ke kallon rumfar da nake faci shi ne gidan marigayi Arzika. Ni Tunau, taya nake liƙewa, amma ido ba ya hutu, saboda haka abin da na gani zan faɗa. Arzika ya rasu ya bar tsohuwa, Inna Tabawa, da 'ya'ya biyu maza, da gandu ɗaya, wato gonar gida da ake nomawa tare a ci tare.

Babban shi ne Sallau. Allah ya zuba masa ƙwaƙwalwa kamar da bakin ƙwarya. Ya dubi hadari ya gaya maka ranar da zai zuba. Ya kasa kunne ga injin ban-ruwa ya gaya maka abin da ke damunsa. Amma tun da nake da shi ban taɓa ganin haƙoransa ba sai in yana cizon leɓe. Siriri ne kamar sillen kara, ga wata jijiya a goshi da ke harbawa. In ka gaishe shi, sai ya tsaya tunanin abin da kake nema a wurinsa. Matarsa Ladidi ta yi yaji ta ƙi dawowa, don yana leƙa tukunya ya ƙirga tsoka kafin ya fita. Gayya kuwa, wadda tun kakanni in aiki ya fi ƙarfin mutum yake kiran jama'a su taru masa a gona, ya ciyar da su, gobe shi ma ya je ta wani, Sallau ya auna ta ya ce asara ce. A bakin masallaci ya faɗa: "Aikin marasa tunani! Ku taru ku cinye wa mutum hatsi da sunan taimako." Ba ya zuwa ta kowa, ba ya kiran kowa. Babu gidan da bai sha zaginsa ba a garin nan.

Ƙaramin shi ne Nomau. Ƙato ne, fuska kamar faifai, ƙarfi kamar na bijimin huɗa, baki kullum a washe. Abin da aka gaya masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Matarsa Delu ce kaɗai ta gane makamarsa. Tun ranar da ta ce masa "ɗebo ruwa" ya cika randa, ya cika turmi, ya cika tukwane, ya fara zubawa a akurkin kaji, ba ta sake ba shi umarni ba sai da wutsiya: "Ɗebo tulu biyu, ka tsaya."

Wata rana ruwan shuka ya sauka, suka fita gona. Sallau ya ɗauki sungumi, ya miƙa wa Nomau ƙwaryar iri.

"Ka biyo ni. Duk inda na sara, ka jefa iri ka take. Kuma kada ka yi mini magana."

"To, Yaya."

Kafin hantsi ya ɗaga sun gama gefen gabas. Sallau ya nufo gida yana tunanin tsadar takin zamani, kuma ɗabi'arsa ce in tunani ya cije masa sai ya riƙa sarar ƙasa da abin da ke hannunsa. Ya sara a hanya, Nomau ya jefa ya take. Ya sara a filin kasuwa, Nomau ya jefa ya take. Ya tsaya a rumfata yana yi mini masifa wai facin da na yi wa kekensa ya ɗaga, yana faɗa yana sara, Nomau na bayansa yana aiki. Na gani sarai, amma ba a ce da ni in yi magana ba. Irin da aka tanada don gefen yamma ya ƙare daidai ƙofar ɗakin Sallau. Bayan mako guda gero ya tsiro a layi, tun daga tsakar gida har gona. Lokacin ba a yi shelar ɗaure dabbobi ba, sai awakin gari suka kama layin, suna ci suna tafiya, har ya kai su tsakiyar gandu.

Ranar nan har a bakin rijiya an ji muryar Sallau.

"Dolo! Gaɓo! Wane zunubi na yi aka haɗa ni ciki ɗaya da kai?"

"Yaya, ban tsallake rami ko ɗaya ba."

"Inna, ki shaida. Ranar da damin ƙarshe ya shiga rumbu bana, a raba gandu, kowa tasa ta fisshe shi. Na rantse da…"

Inna ta toshe masa baki da tafin hannu kafin ya kai ga sunan Allah. Ɗan fari ne, ba ta kama sunansa. Ta ce, "Kai wannan, ubanku ya ce kada a raba."

"Ubanmu ya huta, ni aka bari da kayan."

Delu, da ƙaramin cikinta, ta koma bayan ɗaki tana share hawaye. Ta san lissafin da ba ya bukatar ƙwaƙwalwa. Nomau zai iya nome gona uku, amma sai an ce masa yau shuka, gobe noman fari. In aka raba, yunwa ce rabonsu. Shi kuwa gogan yana tsaye yana murmushi, don an ambaci rumbu, yana son rumbu.

Wata rana Sallau zai tafi cin kasuwar kwana a wani gari. Yana da rago da yake kiwo, fari sol mai ƙaho a murɗe, wanda a duniya shi kaɗai Sallau ke yi wa magana da taushin murya. Ya kira Nomau.

"Ka ga ragon nan? Ni ne shi, shi ne ni. Duk abin da kake yi mini, ka yi masa har in dawo."

"To, Yaya."

Da ya dawo washegari da azahar, turke wayam. Ya faɗa ɗaki a guje. Ga rago a kan katifa cikin gidan sauro, an kunna masa rediyo, an ajiye masa buta da ruwan alwala, ga akushin tuwo da miyar kuka ya sa ƙafa a ciki. Ya cinye rabin matashi, ya kwance buhun gyaɗar iri ya yi ɓarna, ya yi abin da raguna ke yi a kan bargo. Nomau na durƙushe a bakin ƙofa yana cewa, "Yaya, an tashi lafiya? A kawo kunu?"

Sallau ya ɗauki butar ya jefe shi.

"Dabba ka kwantar mini a gado?"

"Sannu da zuwa, Yaya. Ai wannan Yayan ya fi sauƙin kai, ko sau ɗaya bai zage ni ba."

Na yi dariya har saura kaɗan in haɗiye ƙusar da ke bakina. Sallau kuwa kwana biyu bai ci abinci ba don baƙin ciki. Nomau ya cinye nasa ya cinye na Yaya, kada a yi asara.

Wata rana gero ya fara ƙosawa, tsuntsayen nan jan-baki suka fara sauka. Sallau ya yi dabara irin tasa, ya ja igiyoyi ya rataya gwangwanaye, ya tsayar da Nomau a kan dakali a tsakiyar gona.

"Ko tsuntsu ɗaya ka ga ya sauka, ka kore shi, kada ka bari ya huta."

Tsuntsu ɗaya ya sauka. Nomau ya diro ya bi shi. Ya tashi ya sauka kan kanya, Nomau ya jefe shi. Ya ƙetare rafi, Nomau ya ƙetare. Sai la'asar sakaliya ya dawo, riga a yage, ƙafa duk ƙaya, yana haki yana dariya. Ya tarar da Sallau tsaye a gona yana kallon zangarniyoyin gefen rafi da 'yan'uwan tsuntsun suka sussuke tas, ba mai ce musu kanzil.

"Yaya, bai huta ba! Ni ma ban huta ba!"

Sallau ya buɗe baki, zagin ya taho da yawa ya cushe a maƙogwaro. Ya kaɗa kai kawai ya tafi. Tun daga ranar ciwon kai ya kama shi, amma ya daure har gero ya nuna, ya sa Nomau ya sare karan ya kwantar da su layi layi, saura yankan kai da ɗauri.

Wata rana, ana gama kwantar da geron nan, Sallau ya yanke jiki ya faɗi a zaure. Ni na ɗauke shi a babur, Nomau na riƙe da shi ta baya, muka kai shi ɗakin shan magani na garin gaba. Malamin asibiti ya ɗaura masa abin awo a dantse, ya duba, ya yi salati.

"Jininsa ya hau ƙwarai. Ga magani, zai riƙa sa shi barci. Amma ku ji da kyau, duk abin da ke ɓata masa rai, kada a bari ya gani, kada a bari ya ji."

Nomau ya ce, "To, Malam."

Muna dawowa gida Nomau ya ɓace. Sallau na kwance yana ƙwala kira, shiru. Gero na kwance a ƙasa, gara ta fara shiga ta ƙarƙashi, ba mai yanka. 'Yan ƙwadagon da Sallau ya aika a kira suka ce su gaishe shi, ba su manta da zagin bara ba. Delu ta san inda mijinta yake, tana kai masa tuwo a ɓoye tana roƙonsa ya fito, yana ce mata maganar malamin asibiti ta fi tata. A haka kwanaki suka shuɗe, sai da Sallau ya dogara sanda zai zaga bayan gida ya ji minshari na fitowa daga tsohon rumbu. Ya ɗage murfin.

"Uban me kake yi a nan, gero na ruɓewa?"

Nomau ya rufe fuska da hannu biyu. "Kada ka dube ni, Yaya. Malam ya ce a ɓoye abin da ke ɓata maka rai. Na duba gidan nan kaf, ban ga wanda ya kai ni ba."

Ina bakin danga na ji wannan, kuma ranar ban yi dariya ba. Raina ne ya ɓaci. Mutum ya naɗe kansa cikin rumbu da ɓeraye don ɗan'uwansa ya warke, ladan da ya samu sanda ce a gadon baya. In wannan ne hankali, Allah ya bar ni da facina.

Wata rana, wato washegarin wannan, Sallau ya fito tsakar gida ya ɗaga kai gabas. Wani siririn gajimare ya gani wanda ni ko kallo bai ishe ni ba. Fuskarsa ta yi toka.

"Gobe da la'asar za a yi ruwa, mai yawa. In ya sami geron nan a ƙasa, shi ke nan, sai tsiro da ruɓa."

Ka ga amfanin sani. Duk garin kowa na harkarsa hankali kwance, shi kaɗai ruwan gobe ya fara duka tun yau. Nomau ko zai mutu ba zai yanke gonar nan shi kaɗai a yini ɗaya ba. Inna ta matso a hankali.

"Kai wannan, a kira gayya mana."

Kamar ta watsa fetur a wuta.

"Gayya! Ƙwarai kuwa, Inna, kin kawo shawara! Kai Nomau, tashi maza! Bi gari gida gida, duk wanda na taɓa zagi ka durƙusa masa, ka ce Sallau ya ce shi jaki ne, a yafe masa, gobe gayya! Ka yanka ragona ma ka dafa musu! Ka haɗa da makaɗa, a yi mini kiɗan tsiya!"

Ya shige ɗaki ya banko ƙofa, ya watsa ƙwayoyin maganinsa, ya ja bargo. Kowa ya san gatse in ya ji shi. Inna ta sani, Delu ta sani, ni ma da na shigo karɓar famfona na sani. Nomau ya juyo ya dube ni.

"Tunau, da wanne zan fara?"

Na dubi Inna. Inna ta dubi sama. Delu ta sunkuya tana gyaran wutar da ba ta mutu ba. To ni mai faci ne, ba mai fassara ba.

Na ce, "Fara da gidan Sarkin Noma, shi ya fi shan zagi. Ragon kuma kawo shi ya kwana gidana."

Na bi shi a baya don kada a ba ni labari. Ya sami Sarkin Noma Korau a ƙofar gida yana gyaran ƙotar fartanya, ya zube gabansa.

"Baba, Yaya Sallau ya ce shi jaki ne, a yafe masa, gobe gayya."

Tsohon ya ajiye ƙotar. "Wa ya ce?"

"Yaya."

"Da bakinsa?"

"Da bakinsa, da ƙarfi ma. Inna ta ji, Tunau ya ji. Ya ce a yanka ragonsa."

"Ragon? Farin?"

"Shi."

Da ni na kawo wannan magana, da ko yaro ba zai yarda ba. Amma duk Tungar Maje an san abu ɗaya: Nomau bai iya ƙarya ba, ba shi da wurin ajiye ta. Sarkin Noma ya ce, "Allahu akbar, ciwo malami ne." Haka Nomau ya bi gari, bai tsallake gida ko ɗaya ba, don babu gidan da ya cancanci tsallakewa. Har gidan surukan Sallau ya je ya durƙusa wa Ladidi. Gwiwoyinsa suka yi fari fat.

Da sassafe aka kai rago gindin kanyar gona. Kafin mahauci ya sa wuƙa, Nomau ya rungume wuyansa ya ce, "Yaya, ka yi haƙuri, Yaya ne ya ce." Jama'a suka yi ta ɓullowa, wasu don tausayi, wasu don nama, mafi yawa don su ga jakin da idonsu. Ganga ta ɗauka. Maza na yanka, samari na ɗauri, jakuna na gaske na jigila zuwa rumbu. Ladidi ce a kan tukunya, tana zuba tsoka ba ƙirga.

Kiɗan ne ya tashi Sallau da hantsi. Ya dogaro sanda har gona. Abin da ya fara gani fatar rago ce a shanye kan reshe. Jijiyar goshinsa ta miƙe kamar igiyar guga. Ya ja numfashi zai saki abin da ya fi na kullum, sai jama'a suka hango shi.

"Mun yafe, Sallau!"

"Allah ya karɓi tuba!"

"Ai ba jaki ba ne kai, ka daina faɗa wa kanka haka!"

Sarkin Noma ya dafa kafaɗarsa. "Ɗana, abin da ka yi sai namiji. Da ba ka aiko da kalmar nan ba, wallahi ko kara ɗaya ba za mu ɗaga maka ba."

Ina kallonsa ƙwaƙwalwar na aiki. Ya dubi gabas, hadari ya fara haɗa gira. Ya dubi gona, saura rabi. In ya ce gatse ya yi, kowa zai yar da abin hannunsa ya tafi. Wawa ne kawai zai yi magana a wurin nan, shi kuwa ba wawa ba ne. Haka ya tsaya, yana ta haɗiyar zagi kamar mai haɗiyar garwashi, yana cewa, "Na gode. Na gode. Allah ya bar zumunci."

Damin ƙarshe na shiga rumbu, iska ta kaɗa. Kafin a ɗora murfi an fara yayyafi, kafin a shiga zaure ruwa ya ɓarke kamar an kwance bakin salka, daidai la'asar, yadda ya faɗa. Aka cunkushe a zaure ana cin sauran nama. Sai Sarkin Noma ya gyara murya.

"To, Sallau, mun ji ka ce ranar da damin ƙarshe ya shiga rumbu za a raba gandu. Ga dami ya shiga, ga shaidu. Sai dai ka sani, wanda ya durƙusa mana shi muka sani. In an raba, gayyar baɗi gonarsa za ta."

Delu na bakin ƙofar cikin gida da tsohon cikinta, ta dafe bango. Sallau ya waiga. Idonsa na kan Nomau, wanda ke zaune a dokin ƙofa, ruwa na jiƙa masa rabin jiki, yana gwaguyar ƙashi yana ƙyalƙyala dariya shi kaɗai.

"Kai! Wai me kake yi wa dariya? An cinye ragona, an mai da ni jaki, ana maganar raba ka da abincinka, kana dariya. Tun muna yara kake wannan dariyar. Ta mece ce?"

Nomau ya cire ƙashin daga baki.

"Baba ne ya sa ni, Yaya. Ranar da kunama ta harbe ni ina ƙarami ina ta kuka, ya ɗauke ni ya ce, yi dariya, Nomau. Har ya rasu bai ce in tsaya ba."

Sallau ya miƙe, ya nuna shi da sanda.

"To ni yau na ce ka…"

Duk wanda ke zauren ya san in kalmar nan ta fita, Nomau zai ce "To, Yaya," ya rufe baki, kuma har kabari ba mai sake ganin haƙoransa. Sallau ya fi kowa sani. Nomau na kallonsa, baki a washe, yana jiran umarni.

Jijiyar ta harba, ta sake harbawa. Sandar ta sauka a hankali.

"…ka miƙo mini ƙafar ragon nan. Nawa ne, ko ɗanɗano ban yi ba."

"To, Yaya."

Inna ta ce, "Rabon fa, kai wannan?"

"Sai baɗi," in ji shi, da nama a baki. "Kuma gishiri ya yi yawa."

Baɗin nan har yau bai zo ba. Yaron da Delu ta haifa ya isa kora awaki. Ladidi ta dawo bisa sharaɗin ba a leƙa mata tukunya. Sallau na zuwa gayya yanzu, yana aiki yana ƙorafin ba a iya ɗaurin dami ba, kuma duk shekara in layya ta matso sai ya tsaya a tsohon turken nan ya yi tsaki. Hankalinsa na nan, fushinsa na nan, maganinsa na aljihu. Wanda ke ganin na ƙara gishiri ya zo rumfata ya tambayi Nomau. Ba ya wuyar samu, tun daga kwanar kasuwa za ka jiyo dariyarsa.